Lafiyar tsofaffi a kwarin Rima

Lafiyar tsofaffi a kwarin Rima batu ne na kiwon lafiyar al'umma da ke duba yadda abinci, sana'a, motsa jiki, yanayin ƙasa da zaman tare suke shafar lafiya da walwalar mutanen da suka kai shekara 60 zuwa sama a garuruwan Birnin Kebbi da Argungu da ƙauyukan da ke bakin gulbi a Jihar Kebbi, arewa maso yammacin Najeriya. A rahotonta na shekarar 2015 kan tsufa da lafiya, Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce ba rashin cuta kaɗai ake dubawa wajen auna lafiyar tsoho ba. Abin da ake dubawa shi ne ko yana iya yin abubuwan da suke da muhimmanci a gare shi: ya tashi, ya yi alwala da kansa, ya je masallaci ko kasuwa, ya gane mutane, ya yanke shawara a kan al'amuransa. Mutum na iya samun hawan jini amma yana cikin wannan hali, wani kuma ba a gano masa wata cuta ba amma yanar ido ta zaunar da shi a ɗaki.

Yankin da mutanensa

An ƙirƙiri Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato a ranar 27 ga Agusta, 1991. Birnin Kebbi ne babban birnin jihar kuma mazaunin Sarkin Gwandu, Argungu kuwa ita ce mazaunin Sarkin Kabi. Gulbin Rima yana haɗuwa da Gulbin Sakkwato kusa da birnin Sakkwato, daga nan ruwan ya gangaro ta Argungu da Birnin Kebbi har ya faɗa Kogin Neja. Fadamar da ke gefensa ita ce tushen noman shinkafa, da su, da noman rani na yankin. A ƙidayar 2006 an lissafa mutum 3,256,541 a jihar. Mazauna kwarin sun haɗa da Kabawa, Fulani, Zabarmawa, Arawa da sauransu, kuma mafi yawansu manoma ne, masunta, makiyaya ko 'yan kasuwa, wato mutanen da ba su da ranar ritaya kuma ba su da fansho.

Tsofaffi ba su da yawa a lissafi. A Najeriya baki ɗaya waɗanda suka kai shekara 60 ba su wuce kimanin kashi 5 cikin 100 na jama'a ba, shi ya sa yawancin shirye-shiryen lafiya suka fi karkata ga yara da masu juna biyu. A Kebbi akwai dalili mai ƙarfi na wannan karkata, domin binciken zazzaɓin cizon sauro na ƙasa na 2021 ya nuna jihar ce ta fi kowace yawan yara 'yan ƙasa da shekara biyar masu ɗauke da cutar. Sai dai adadin tsofaffin yana ƙaruwa kowace shekara tare da ƙaruwar jama'a, cututtukansu kuma irin waɗanda ake jinyarsu shekara da shekaru ne.

Inda bayanan suka fito

Manyan binciken da aka daɗe ana bin tsofaffi a Najeriya an yi su ne a ƙasar Yarabawa. Na farko shi ne aikin haɗin gwiwa tsakanin Ibadan da birnin Indianapolis na Amurka, wanda aka fara a 1992 don kwatanta cutar gushewar tunani ta tsufa tsakanin Yarabawan Ibadan da baƙaƙen fatar Amurka. Sakamakon da aka buga a 2001 ya nuna cutar ta fi kama na Amurka, abin da ya sa masana suka mai da hankali ga bambancin abinci da cututtukan jijiyoyin jini tsakanin al'ummomin biyu. Na biyu shi ne Binciken Tsufa na Ibadan, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Oye Gureje, wanda ya fara da mutum 2,152 masu shekara 65 zuwa sama a 2003 da 2004. Rahotonsa da ya fito a mujallar Lancet a 2007 ya nuna kimanin kashi 26 cikin 100 sun taɓa fama da cutar tsananin damuwa a rayuwarsu, kashi 7 kuma a cikin shekarar da ta gabaci binciken, kuma abin ya fi yawa ga mata da mazauna birni.

Mafi kusa da kwarin Rima su ne ayyukan likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Binciken da Anas Sabir da abokan aikinsa suka yi a tsakanin Fulani ya sami ciwon suga ga kashi 4.6 cikin 100 na manya mazauna birni, amma kashi 0.8 kacal ga mazauna karkara. Ƙabila ɗaya ce, ƙasa ɗaya, bambancin yana wajen abin da ake ci, da yawan tafiya, da ƙiba. Wannan ya yi daidai da abin da Robert Glew da tawagarsa suka buga a 2001 game da Fulani makiyaya na tsaunukan Jos, waɗanda suke shan nono da cin man shanu sosai amma kitsen jininsu bai hau ba, abin da masu binciken suka danganta da yawan aikin jiki da ƙarancin abin da ake ci gaba ɗaya.

Akwai abubuwa uku da ya kamata ɗalibi ya riƙe idan yana karanta irin wannan bincike. Na ɗaya, shekaru. Yawancin tsofaffin karkara ba a rubuta ranar haihuwarsu ba, sai su ba da adadi mai ƙarewa da sifili ko biyar. Masu bincike kan gyara wannan ta hanyar tambayar abin da mutum ya riska, kamar samun 'yancin kai a 1960, rasuwar Sardauna a 1966, ko canjin kuɗi zuwa naira a 1973. Na biyu, wanda ya kai shekara 75 a ƙauye ya riga ya tsallake ƙyanda, sanƙarau, fari da haɗarin haihuwa, don haka ƙarfinsa ba hujja ba ce cewa duk abin da yake ci ko yake yi shi ya raya shi. Na uku, alaƙa ba ita ce sanadi ba. Idan aka ga dattawan da ke zuwa masallaci da ƙafa sun fi lafiya, yana iya zama tafiyar ce ta ba su lafiya, yana kuma iya zama lafiyar ce ta ba su damar tafiya.

Abinci

Abincin gargajiya na kwarin ya ginu a kan gero, dawa, shinkafa, wake, nono da kifi. Fura da nono, tuwon dawa da miyar kuka ko kuɓewa, da kwaɗon zogale ko rama abinci ne da masana suke ganin ya dace da tsoho, domin hatsin da ba a cire masa dusa gaba ɗaya ba yana narkewa a hankali, ba ya ɗaga sugan jini farat ɗaya, kuma yana rage taurin bayan gida. Kifin gulbi, irin su tarwaɗa, karfasa da giwan ruwa, yana ba da sinadarin gina jiki da tsoho ke buƙata don kada tsokarsa ta zube, ga shi da laushin tauna fiye da nama.

Shinkafa ta ƙara samun matsayi tun bayan da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015, aka kuma buɗe babban kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu a 2017. Shinkafar da inji ya goge ta yi fari ta rasa mafi yawan dusarta, kuma tana saurin ɗaga sugan jini fiye da gero da dawa. Turara shanshera kafin a cashe ta, kamar yadda matan yankin suka daɗe suna yi, yana tura wani ɓangare na sinadaran da ke cikin dusar zuwa cikin ƙwayar, saboda haka turararriyar shinkafa ta fi wadda ba a turara ba amfani. Ga mai ciwon suga, yawan abin da aka zuba a kwano da kuma abin da aka haɗa da shi, wake ne ko ganye, ya fi sunan hatsin muhimmanci.

Babbar matsalar ita ce gishiri. WHO ta ba da shawarar kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a rana, wato ƙasa da cikin ƙaramin cokalin shayi. A tukunyar gida kuwa gishiri yana shiga ta ƙofa uku: na gari, na dunƙulen ɗanɗano irin su magi, da kuma kanwa. Mutane da yawa ba sa lissafa kanwa a cikin gishiri, alhali tana ɗauke da sinadarin sodiyam mai yawa, wanda shi ne ke ɗaga hawan jini. An san wannan tun cikin shekarun 1970, lokacin da likitoci a Zariya suka danganta ciwon zuciyar da ke kama masu jego da yawan shan kunun kanwa da wankan ruwan zafi. Tsohon da likita ya ce ya rage gishiri, ya daina barbaɗawa amma ya ci gaba da kunun kanwa kowace safiya, bai rage abin kirki ba. Binciken hawan jini na ƙasa da aka gudanar a 2017 ya sami cutar ga kimanin kashi 38 cikin 100 na manyan Najeriya, kuma tana ƙaruwa da shekaru. Ana cewa jini ya hau idan awo ya riƙa kai 140 bisa 90 ko fiye, kuma sau da yawa ba ya ba da wata alama har sai ya kai ga shanyewar ɓarin jiki ko ciwon ƙoda.

A ƙauyuka kuma matsalar takan juye ta zama rashin isasshen abinci. Tsohon da haƙoransa suka zube kan koma ga koko da kunu zalla, ya bar nama da ganye, sai ya riƙa ramewa ana cewa tsufa ne. A shekarar da ambaliya ta cinye gonaki, kamar yadda ta yi wa shinkafar Kebbi a daminar 2020, kakanni da yawa kan rage cinsu don jikoki su ƙoshi.

Aiki da motsa jiki

Ƙa'idojin WHO na 2020 sun nemi wanda ya kai shekara 65 ya riƙa motsa jiki na matsakaicin ƙarfi tsawon minti 150 zuwa 300 a mako, ya ƙara da abin da ke ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu, da abin da ke gyara daidaiton tsayuwa kwana uku don kauce wa faɗuwa. Manomin fadama, da masunci mai tuƙa jirgi ko mai shiga ruwa da homa da gora, da tsohuwar da ke sussuka da daka, duk sun zarce wannan adadi ba tare da sun san da shi ba. Abin da ke damunsu shi ne aikin ya yi yawa kuma ba ya tsayawa: ciwon baya daga sunkuyon dashe da yankan shinkafa, ciwon gwiwa, da ƙaba. Masu daɗewa cikin ruwan gulbi kuma suna fuskantar tsargiya, wadda idan ta shekara ba a magance ta ba takan lalata mafitsara da hanyoyin fitsari.

A cikin Birnin Kebbi abin ya sha bamban. Ma'aikacin da ya yi ritaya, ko ɗan kasuwar da ke wuni a zaune a shago, ya hau babur ko mota zuwa ko'ina, shi ne wanda bayanan Sakkwato suka fi yi wa nuni. Tafiya masallaci sau biyar a rana ita ce motsa jikin da ya rage wa da yawa daga cikinsu. Matan birni da suka daɗe a cikin gida, aka kuma ɗauke musu daka da ɗebo ruwa, suna cikin waɗanda ƙiba da ciwon gwiwa suka fi samu, ko da yake al'ada takan sakar wa tsohuwa mara ta fita biki, suna, gaisuwar mutuwa da ƙananan sana'o'i fiye da matashiya.

Ido

Binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya duba mutum fiye da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama. Ya sami makanta ga kashi 4.2 cikin 100, adadin da ya tashi daga ƙasa da kashi 1 ga 'yan shekara 40 zuwa 49 har ya wuce kashi 23 ga waɗanda suka kai 80. Yanar ido ce ta jawo kashi 43 cikin 100 na makantar, hawan jinin ido kuma kusan kashi 17, kuma fiye da kashi 80 na makantar baki ɗaya abin da ake iya karewa ne ko magancewa. Binciken ya kuma nuna cewa idanu masu yawa da aka yi wa aikin yana, masu aikin gargajiya ne suka yi shi ta hanyar tura yanar cikin ido da tsinke, musamman a arewa, kuma mafi yawan waɗannan idanun ba su dawo da gani mai kyau ba. Aikin asibiti, inda ake cire yanar a sa gilashin roba a madadinta, ba ya kai awa guda.

Amosanin ido, wanda ƙuda da ƙarancin ruwan wanke fuska ke yaɗawa tun yarinta, yakan bayyana a tsufa ta hanyar juyewar gashin ido yana gogar ƙwayar. Ya fi kama mata saboda kusancinsu da yara. Ƙungiyar Sightsavers ta yi aikin yaƙi da shi tare da gwamnatocin Kebbi, Sakkwato da Zamfara. Raunin gani ba a ido yake tsayawa ba: yana jawo faɗuwa da karaya, yana hana fita, kuma a 2024 kwamitin masana na mujallar Lancet ya saka shi cikin abubuwa 14 da ake iya gyarawa waɗanda a haɗe suke da hannu a kusan kashi 45 cikin 100 na cutar gushewar tunani a duniya. Sauran sun haɗa da raunin ji, hawan jini, ciwon suga, shan taba, gurɓatacciyar iska da kaɗaici.

Zafi, azumi da hayaƙi

A watannin Afrilu da Mayu zafin Birnin Kebbi da Argungu yakan wuce digiri 40 a ma'aunin Salshiyos. Jikin tsoho ba ya saurin jin ƙishirwa, guminsa ya ragu, ƙodarsa kuma ba ta riƙe ruwa kamar da. Wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari suna ƙara wannan haɗari. Abin da ya faru a Mali a farkon Afrilun 2024 ya nuna girman lamarin a yankin Sahel: zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes, asibitin Gabriel Touré na Bamako ya lissafa mutuwar mutum 102 a cikin kwana huɗu, kimanin rabinsu sun haura shekara 60. Lokacin ya zo daidai da ƙarshen azumin Ramadan da kuma ɗaukewar wutar lantarki.

Shari'ar Musulunci ta sauƙaƙa wa tsohon da ba zai iya azumi ba ya sha ya ciyar, amma dattawa da yawa suna jin nauyin a gan su suna ci da rana. Mai ciwon suga da ke shan allurar insulin ko ƙwayoyi irin glibenclamide yana iya samun faɗuwar suga mai haɗari da rana, don haka likitoci ke so a zo a gyara lokaci da adadin magani makonni kafin watan ya kama.

Girki da itace a madafi marar taga yana cutar da huhu da zuciya sannu a hankali, kuma matan da suka shafe shekara 40 ko 50 a gaban murhu su suka fi shaƙa. WHO ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a duniya a 2020. A lokacin hunturu ƙura da wutar jin ɗumi a cikin ɗaki suna tayar da tari da asma.

Goro, taba da magani

Goro yana da sinadarin kafin, irin na gahawa, wanda ke kore barci, ya ɗan ɗaga bugun zuciya da hawan jini na wani lokaci, ya kuma rage son abinci. Ɓari ɗaya da safe ba abin damuwa ba ne ga mafi yawan mutane, amma tsohon da ke kukan rashin barci ko gyambon ciki yana kuma cin goro har dare, ya kamata ya fara duba nan. Binciken taba na ƙasa na 2012 ya nuna kashi 10 cikin 100 na maza da kimanin kashi 1 na mata suna amfani da ita. Garin taba da ake shaƙa ko a sa a baki shi ma yana cikin lissafin, ko da yake masu amfani da shi ba sa ɗaukar kansu mashaya.

Wani abin da ya zama ruwan dare shi ne sayen maganin ciwon jiki a kemis ko wurin masu talla ba tare da ganin likita ba. Daɗewa ana shan diclofenac ko ibuprofen yana jawo gyambon ciki da zubar jini, yana lalata ƙoda, yana kuma rage ƙarfin maganin hawan jini. Da yawa kuma sukan daina shan maganin hawan jini da zarar ciwon kai ya tafi, alhali magani ne na kullum.

Zaman tare

Nazarin da Julianne Holt-Lunstad da abokan aikinta suka buga a 2010, wanda ya tattara bincike 148 da suka shafi mutum fiye da 300,000, ya nuna masu ƙarfin dangantaka da jama'a sun fi waɗanda ke kaɗaice damar rayuwa da kimanin kashi 50 cikin 100 a tsawon lokacin da aka bi su. A wannan fanni kwarin Rima yana da abin da ƙasashe masu arziki suke kashe kuɗi don samarwa: babban gida mai 'ya'ya da jikoki, majalisar ƙofar gida, sahun masallaci, makarantun Islamiyya na manyan mata, da girman da ake ba mai furfura wajen sulhu da neman aure. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934 kuma UNESCO ta saka shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016, ya dogara ga ilimin ruwa da dattawan masunta ke miƙa wa na baya.

Wannan kariya ba ta kai ga kowa. Matar da ba ta haihu ba, ko wadda 'ya'yanta suka rasu, da tsohon da samarin gidansa suka tafi cirani kudu, suna iya zama cikin jama'a amma babu mai kai su asibiti. Gushewar tunani kuma akan ɗauke ta a matsayin ruɗewar tsufa da ba ta da magani, sai a daina tuntuɓar mutum a kan komai, ko da a wasu lokutan abin da ke damunsa raunin ji ne ko tsananin damuwa, waɗanda ake iya magancewa.

Asibitoci da dokoki

Manyan asibitocin yankin su ne Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kebbi, wadda daga baya aka mayar da ita asibitin koyarwa, da Asibitin Tunawa da Sir Yahaya, da cibiyar lafiya ta jiha da ke Kalgo, da Babban Asibitin Argungu. Jihar tana da hukumar taimakekeniyar lafiya mai suna KECHEMA. A matakin ƙasa, an buɗe cibiyar kula da lafiyar tsofaffi ta farko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan a 2012. An sa hannu kan dokar kafa Cibiyar Tsofaffi ta Ƙasa a farkon 2018, cibiyar ta fara aiki a 2021, shekarar da majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da manufar ƙasa kan tsufa. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta tanadi asusu na masu rauni wanda ya haɗa da tsofaffi. Tsarin fansho na dokokin 2004 da 2014 ya fi shafar masu aikin albashi, don haka manomi da masunci da mai sayar da fura har yanzu daga aljihunsu ko na 'ya'yansu suke biyan kuɗin magani. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarun 2021 zuwa 2030 a matsayin shekaru goma na tsufa cikin lafiya, kuma ana bikin Ranar Tsofaffi ta Duniya a ranar 1 ga Oktoban kowace shekara.